Na daɗe ina gini a Kumasi amma asambili sun ce ba ni da takarda, ya zan yi?

Tambaya: Salamu alaikum injiniya. Ni magini ne a Aboabo, na koyi aiki wajen masta na tun ina yaro, yanzu ni ma ina da yara a ƙarƙashina, mun gina gidaje da yawa a Sawaba da Asawase har da bene. Na je neman kwangilar gina azuzuwan makaranta a asambili, wato ƙaramar hukumarmu, sai aka ce in kawo takardar ma'aikatar ayyuka da shaidar aikin da na taɓa yi. Ni kuwa gidajen suna nan tsaye amma ba ni da ko takarda ɗaya. Don Allah ta ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam masta, Allah ya sa wa sana'a albarka. Abu na farko da ya kamata ka gane, takardar da suka ce ka kawo ba a ba mutum ita don ya iya ɗora bulo, kamfani ake ba. Ma'aikatar ayyuka da gidaje da ke Accra ita ke raba ƴan kwangila aji-aji, harafin D na gine-gine ne, K na aikin injiniya irin su magudanar ruwa da kwalbati, shi ya sa kake jin ana cewa D1K1 ko D4K4. Aji na 4 shi ne na ƙasa, a ƙa'idar da aka daɗe ana bi yana ɗaukar aikin da bai wuce dala 75,000 ba, aji na 1 kuma na manya ne masu aikin da ya haura dala 500,000. Titi kuma daban ne, ma'aikatar hanyoyi ke ba da nata ajin, kar ka haɗa su. Kai D4K4 za ka nema kuma ya ishe ka ƙananan ayyukan asambili.

To kafin ka je can sai kana da kamfani mai rajista. Wannan ofishin rajistar kamfanoni ne, ORC, suna da reshe a Kumasi ba sai ka hau mota zuwa Accra ba. Lambar da ke kan Ghana Card ɗinka, wato katin ɗan ƙasa, ita ce lambar harajinka tun 2021. Daga nan sai takardar hukumar haraji ta GRA mai nuna ba a bin ka haraji, da ta hukumar fansho ta SSNIT mai nuna kana biya wa ma'aikatanka, sai akawun na banki da sunan kamfanin. Idan kuma aikin gwamnati kake hange dole ka yi rajista da hukumar PPA mai kula da sayen kayan gwamnati, saboda dokar sayen kayan gwamnati ta 2003 ce ke tafiyar da duk wani tenda, wato gasar neman kwangila. Waɗannan duk zirga-zirga ce da kuɗin fom, za ka gama su.

Inda gizo ke saƙa shi ne shaidar aiki, kuma nan ne maginan zango suke faɗuwa, ba don ba su iya ba. Mu a zango yadda muke aiki kowa ya sani, Alhaji ya kira ka bayan sallar asuba ya nuna maka fili, ku yi ciniki da baki, ya riƙa turo kuɗin siminti ta momo, wato ta wayar hannu, ko ɗansa da ke Jamus ya turo, a gama gida a yi addu'a kowa ya watse. Amana ce mai kyau wallahi, amma wanda ke zaune a ofis da fayil ɗinka bai san Alhaji ba, ba kuma zai zo Sawaba ka nuna masa bene da yatsa ba. Abin da yake so ya gani shi ne wa ya ba ka aikin, wane irin aiki ne, nawa ne kuɗinsa, yaushe ka fara yaushe ka gama, kuma mai aikin ya sa hannu cewa ya karɓa.

Saboda haka ka koma wajen masu gidajen da ka gina, waɗanda kuke mutunci da su, kowanne ya rubuta maka wasiƙa da waɗannan bayanan, ya sa hannu ya sa lambar waya. Ka haɗa da adireshin GhanaPost GPS na gidan da hotuna, idan kana da na lokacin da ake zuba dakin, wato kankaren saman gini, ma ya fi, da rasit na rodi da siminti in akwai sunanka a kai. Idan gidan yana da famit ɗin gini daga asambili ka roƙi kwafi, domin gidan da aka gina ba famit, ko da ya fi kowanne kyau, ni ba zan ba ka shawarar ka sa shi a gaba a fayil ba, kana tona wa mai gidan asiri ne kana kuma nuna cewa kai ma ba ka damu da doka ba. Masallaci ko makarantar islamiyya da ka gina suna da amfani sosai a nan, tunda akwai kwamiti da hatimi, wasiƙarsu ta fi ta mutum ɗaya nauyi. Sannan kar ka ƙara gishiri, idan aikin bulo da filasta kawai ka yi a rubuta haka, kar a ce kai ka riƙe ginin gaba ɗaya.

Abu ɗaya ka sani, ayyukan nan na baya kai ka yi su ba kamfanin ba, tunda ba a haife shi ba a lokacin. Za su shiga a matsayin ƙwarewarka kai mai kamfani, a cikin takardar tarihin aikinka. Daga ranar da ka yi rajista kuwa, ko katanga za ka zagaye a rubuta yarjejeniya da sunan kamfanin, kuɗi su bi ta akawun ɗinsa, a ƙarshe ka karɓi takardar kammala aiki. Idan babban ɗan kwangila ya yanka maka wani ɓangare na aikinsa ka nemi ya ba ka a rubuce. Da waɗannan ake hawa zuwa aji na gaba, D3K3, da su da bayanin banki da kayan aiki irin su injin kwaɓa kankare masu rasit da sunanka.

Maganar satifiket naka na kanka, wanda ya koyi aiki wajen masta yana iya zama jarabawar gwajin sana'a irin ta cibiyar koyar da sana'o'i ta NVTI, wadda yawancinta aikin hannu ne ba dogon Turanci ba, kuma hukumar kula da ilimin sana'a ta CTVET da aka kafa a 2020 tana da tsarin tantance wanda ya iya aiki ba ta hanyar makaranta ba. Ka yi, ka kuma tura yaranka su yi. Duk da haka fayil ɗin zai so ganin mai takardar fasahar gini a cikin ma'aikatanka, ga yaranmu nan da suka gama Kumasi Technical University suna neman aiki, ɗauki ɗaya da gaske ka biya shi, ba aron satifiket ɗinsa kawai ba. Mai haɗa maka wuta shi ma ya zama yana da shaidar hukumar makamashi, Energy Commission.

Za a zo maka da tayin gajeriyar hanya, wani ya ba ka hayar takardarsa ka yi aiki da sunan kamfaninsa ya cire kasonsa. Ni ban yarda da ita ba. Kuɗin asambili akawun ɗinsa za su shiga sai yadda ya ga dama da kai, kuma takardar kammala aikin sunansa za ta ɗauka, ka ga ka yi wahala ka ƙara masa aji kai kana nan inda kake. Idan kuma gini ya samu matsala, ka tuna benen kantin da ya rufta a Achimota a 2012, tambayar farko ita ce wa ya gina kuma da izinin wa, ranar nan mai takardar zai ce bai san ka ba.

Takardar ma'aikatar tana da wa'adi, ta GRA da ta SSNIT ma haka, ka riƙa duba kwanan watansu kafin ka sayi fom ɗin tenda don ana jefar da fayil saboda takarda ɗaya da ta mutu. Wannan satin ka fara da wasiƙun masu gidaje tun suna raye suna kuma tuna ka, sauran takardun ko yaushe ka je ofis za ka same su.