Amsar Anti Binta ga Maman Hanif kan 'yan tsakinta

(Ga muryar da Anti Binta ta turo jiya da yamma, na rubuta ta saboda waɗanda suka ce datarsu ba za ta iya buɗewa ba. Yadda ta faɗa haka na rubuta.)

Assalamu alaikum jama'ar gidan nan, ina wuninku, ya sanyi, ya yara? Maman Hanif, na ji muryarki tun da safe, wallahi hidima ce ta sha kaina, sai yanzu na samu na zauna. Kin ce kin sayo 'yan tsaki 25 'yan kwana ɗaya, yau kwanansu shida, tara sun tafi, kullum da asuba sai kin tsinci ɗaya ko biyu a sandare. Hanif kuma ya ƙi cin abinci don wanda ya zaɓa yana cikin waɗanda suka mutu. Kuma wai maƙwabciyarki ta ce baki ne. To, Allah ya mayar da alheri. Ban hana ki addu'a ba, ki tofa musu safe da yamma. Amma ni tun da kika ce "da asuba" na kama ɓarawon. Sanyi ne, ƙanwata. Sanyi ne ke ɗauke miki su.

Kin ce a kwali kika zuba su, kwalin yana kan tayil a kicin, kin rataya musu ƙwan lantarki. To in an ɗauke wuta ƙarfe biyun dare fa? Ke kina cikin bargo, su suna kan tayil, cikin hunturun nan da ko babba sai ya ji a ƙashinsa. Kuma in irin farin ƙwan nan ne na zamani mai cin wuta kaɗan, haske kawai yake bayarwa, ki taɓa shi ki ji, ba ɗumi ko kaɗan. Ɗan tsako ba shi da wutar jikinsa. Wannan gashin mai laushi kamar auduga, ado ne kawai. Shi ya sa za ki ga uwa ta yi ɗan yawo da su kaɗan, sai ta durƙusa ta buɗe fukafukai su shige. Ke da kika sayo marasa uwa, ke ce uwar yanzu, kin gane?

Masana suna cewa a makon farko su samu zafi wajen digiri 32 zuwa 35, ana ragewa kaɗan-kaɗan duk mako har gashi ya rufe su, wajen mako huɗu zuwa shida. Ni dai ban taɓa mallakar ma'aunin zafi ba. Su tsakin ne ma'aunina. Ki leƙa su da daddare, a hankali, kar ki firgita su. In kika ga sun cure wuri guda, wannan na hawa kan wannan, suna ta ciu-ciu ba ƙaƙƙautawa, sanyi suke ji, kuma na ƙasan nan shi za ki tsinta da safe ya yi shamɗal kamar an taka shi. Ba ciwo ne ya kashe shi ba, 'yan'uwansa ne suka danne shi. In kuma kika ga sun gudu gefe-gefe, baki a buɗe, fukafukai a saki, to zafin ya yi yawa. Abin da ake so, ki gan su a baje kamar an shanya gyaɗa, wani ya miƙe wuya yana barci har ki ɗauka ya mutu, ki taɓa shi ya zabura. In kin ga haka ki je ki kwanta abinki.

Yau ɗin nan, kafin magariba, ki ɗaga su daga kan tayil. Ki aika a samo miki buntun shinkafa ko ɓawon katakon nan da kafintoci ke sharewa, mai faɗi-faɗi, ba garin ba, don garin suna tsattsaga ya toshe musu ciki. Ki zuba da kauri. Sai ki hura gawayi a tukunyar ƙasa ko kurfoti, a waje, ki bari hayaƙin ya ƙare ya zama garwashi jawur, ki ɗan yayyafa toka a kai don ya daɗe, ki ɗora kan bulo a tsakiyarsu yadda ba za su iya faɗawa ciki ba. Ki bar kafar iska ta sama. Kuma don Allah, don Annabi, ba a ɗakin da kuke kwana ba, ba kuma inda yara za su rufe ƙofa su zauna ba. Gawayi a rufaffen ɗaki yana kashe mutum cikin barci, ba wari ba komai. Wannan ba wasa nake ba.

Ruwansu kuma... Kai Sadiƙu! Kore min zakaran nan daga kan shanyar! Yi haƙuri. Ruwansu, in ba ki da robar shan ruwan kaji, ki samu murfi marar zurfi ki zuba 'yan tsakuwoyi a ciki, su sha ta tsakanin duwatsun. Tsakon da ya jiƙe cikin sanyin nan sai dai wani ikon Allah. Inda ruwa ya zube ki kwashe buntun ki sa busasshe, don damshin nan shi ke kawo kashin jini. Abinci kuma ki daure ki sayi sitata, wato haɗaɗɗen abincin 'yan tsaki, ko mudu-mudu ne. Irin waɗannan na gidan gona ba sa tashi da dusa da tsaki kawai, ba kamar namu na gida ba da uwa ke tono musu gara da tsutsa. Ki riƙa ɗaga su kina duba bayansu, in kashi ya bushe ya toshe wurin, ki sa ruwan ɗumi da tsumma ki goge a hankali, kar ki fizga.

Wannan ke nan na yau. Amma bari in gaya miki wanda ke jiranki a gaba, don shi ne ya taɓa sa ni kuka, ni da girmana.

Shekarar da na haifi Ummi ina da kaji sun haura talatin, duk daga sagara ɗaya da Inna, Allah ya jiƙanta, ta ba ni lokacin da na tare. Ranar nan Abban su Ummi ya dawo daga kasuwar ƙauye da wani jan zakara, ƙato, ga tukku ga ƙafa, yana ta murna wai ya samu araha. Na karɓa, na kwance masa ƙafa, na sake shi a tsakar gida. Ban san dalilin arahar ba sai daga baya. Ashe in annoba ta shiga ƙauye, kowa kwasar kajinsa yake ya kai kasuwa tun kafin su faɗi. Kwana huɗu, biyar, sai na ga zakaran ya tsaya a gindin bango ya saki fukafukai kamar wanda ya yafa babbar riga, ido a lumshe, yana numfashi da ƙyar, kashinsa kore shar. Kashegari kaza biyu. Wata kuma wuyanta ya murɗe, tana kallon sama tana zagaye wuri ɗaya. Ba abin da ban ba su ba. Barkono na daka na zuba a ruwa, ɓawon maɗaci na jiƙa, kafson nan ja da rawaya na fasa na ɗura musu. Kullum da safe da kwando nake shiga akurki. Kafin kwana goma kaji huɗu suka rage min. Huɗu!

Sai da na je wajen likitan dabbobi ya ce min Hajiya, wannan ita ce Newcastle, wadda mutanenmu ke ce wa fakat. Ƙwayar bairos ce, kafso ba ya taɓa ta. In ta shiga ta shiga, rigakafi ne kawai maganinta, kuma tun kaza tana da lafiya ake yi. Ta fi ɓarna a irin wannan lokaci na hunturu. Tun daga ranar na kafa doka a gidan nan: duk kazar da ta shigo, ko ta kasuwa ce, ko ta barka, ko surukata ce ta aiko da ita, sai ta yi mako biyu a ɗaure ita kaɗai a bayan ɗaki kafin ta ga fuskar kajina. An yi min surutu, an ce na cika iyayi. Na ce na ji.

Maganin rigakafin ba wahalar samu yake ba, shagunan magungunan dabbobi suna da shi, a nan ƙasar ma cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom da ke jihar Filato tana yin sa. Naki tsakin a watan farko suna buƙatar na Gumboro, wata cutar 'yan tsaki, da Lasota, wato na Newcastle ɗin. Ki koma wajen wanda ya sayar miki ki tambaye shi me aka riga aka ba su, sannan mai shagon ya rubuta miki ranakun a takarda ki liƙa a bango. Abin da nake so ki riƙe, maganin nan rai gare shi, zafi na kashe shi. Ki tafi da fulas da ƙanƙara a ciki, kar ki yarda a miƙo miki a leda ki biya cefane da shi. Ki ɗauke musu ruwa kamar awa ɗaya ko biyu su ji ƙishi, ki haɗa da ruwan rijiya, ba na famfo mai warin magani ba, su shanye da wuri, cikin awa biyu. Abin da ya rage ba a ajiyewa. Kwalba ɗaya ta kaji ɗari ce ko fiye, shi ya sa mu a layinmu muke haɗa kuɗi mu huɗu mu saya, mu yi rana ɗaya, duk bayan wata uku. Ya ma fi, don in kin yi wa naki maƙwabta ba su yi ba, ai ta katanga ake gaisawa.

Waɗanda suka mutu ki haƙa rami ki binne, kar a jefa a bola ko kwata. In kuwa wata rana kika ga manyan kaji suna zubewa da yawa lokaci guda, kar a yi saurin sa musu wuƙa a kai tukunya, ki kira likitan dabbobi. Waɗanda suka yi wayo a 2006 sun tuna yadda murar tsuntsaye ta yi da gonakin kaji a Kaduna da Kano.

Sai maganar Hanif. Kar ki yi masa dariya, kar kuma ki ce masa "don ɗan tsako kake kuka?" A gidan nan kowane yaro da kazarsa. Ummi da kuɗin zakarunta ta ɗinka kayan sallarta bara, tana ta yi mana yanga. Amma akwai kuskuren da na yi wanda har yau yana min ciwo. Baƙi suka yi mana dirar mikiya da daddare, kawun maigidan ne da abokinsa, na laluba akurki cikin duhu na kamo wadda hannuna ya faɗa kai. Ashe ta Sadiƙu ce, wata 'yar wake-wake da yake kira Amarya, wadda ke bin sa har bakin zaure in zai tafi makarantar allo. Da safe yaron nan ya zagaye gida yana kiranta, sai ya ga gashinta a bayan murhu. Bai yi kuka ba, shiru kawai ya yi. Ya fi wata shida ko romon kaza ba ya taɓawa. Mu manya muna cewa sabo da kaza ba ya hana yanka, to yaro ɗan shekara shida bai san wannan karin maganar ba. Tun daga nan ba na taɓa kazar yaro sai na tambaye shi, in ya yarda in biya shi kuɗinta a hannu.

Don haka ki kira Hanif ku binne nasa tare, ki gaya masa gaskiya sanyi ne ya kashe shi. Ya zaɓi wani cikin 16 ɗin da suka rage, ki ɗiga masa lalle ko galura a ka don ya riƙa gane shi, ki ba shi aikin canza ruwa kullum da safe. Sai dai ki hana shi sumbatarsu da matse su a ƙirji, kuma duk ya taɓa su ya wanke hannu da sabulu kafin ya ci abinci, don kashin kaji na sa yara gudawa.

In kin ji shawarata kuma, bayan waɗannan sun tashi ki nemi kazar Hausa ko guda biyu ki haɗa. Ba ta da ƙwai da yawa, ta yi goma sha wani abu sai ta kwanta, amma ita ce injin, ita ce gawayin, ita ce mai gadi. Kwana 21 ta fito miki da 'ya'yanta, ba ruwanki da tashin dare. Ko ƙwan zabi kika sa mata da damina za ta ƙyanƙyashe, sai dai shi yana kai wa wajen kwana 28. Naki kawai ki kife su da babban kwando makonnin farko saboda shirwa da muzuru. Ina da wata baƙa mai kwanci, uwa ce ta gaske, ko kare ta gani sai ta tashi masa. In Yaya Sani zai shigo wajenku ƙarshen wata zan ba shi 'yarta ya kawo miki. Ita ma ki ɗaure ta mako biyun, kar ki ce ai daga gidan Anti ta fito.

To an fara kiran salla. Anjima wajen ƙarfe goma, in kin sa musu wutar sun natsu, ki ɗauko min hotonsu daga sama yadda suka kwanta ki turo, in ban yi barci ba zan duba. Ki gaida min Baban Hanif. Sadiƙu, an rufe akurkin kuwa?