Tambaya da Amsa: Yaya Sarkin da Faransa Ta Naɗa Ya Zama Gwarzon 'Yancin Maroko?

Tambaya: Malam, na ji cewa Faransawa ne suka ɗora Muhammadu na Biyar a gadon sarautar Maroko. To, yaya aka yi ake ɗaukarsa uban 'yancin ƙasar?

Amsa: Abin da ka ji gaskiya ne. Maroko ta shiga hannun Faransa da yarjejeniyar Fas ta 1912, kuma da Sarki Yusufu, mahaifin Muhammadu, ya rasu a 1927, sai Faransawa suka tsallake yayyen Muhammadu suka goyi bayansa yana ɗan shekara 18, suna zaton sun sami yaro mai sanyin hali wanda za su juya yadda suka ga dama. Da farko ya bi su, amma bayan jam'iyyar Istiƙlal ta fito fili ta nemi 'yanci a 1944, sai ya karkata gare ta. A jawabinsa na Tanja a 1947 ya danganta Maroko da ƙasashen Larabawa, ya ƙi karanta yabon Faransa da aka tsara masa, daga baya kuma ya riƙa ƙin sa hatiminsa a dokokinsu.

A ganina, babban kuskuren Faransa shi ne tuɓe shi ranar 20 ga Agusta, 1953, ana jajiberin Babbar Sallah. Da haɗin bakin Galawi, mai mulkin Marrakesh, aka kai shi tsibirin Kosika, sannan Madagaska, aka naɗa wani dattijo ɗan gidan sarauta, Bin Arafa. Talakawa ba su karɓe shi ba. Da yawa sun ƙaurace wa masallatan da ake ambaton sunansa a huɗuba, aka daina sayen kayan Faransa, har mutane suka riƙa hawa soro da dare suna cewa sun ga fuskar sarkinsu a jikin wata. Wanda ya san matsayin sharifi a wurin mutanen Maroko ba zai yi mamakin wannan ba, domin gidan Alawiyya, wato gidan sarautar Maroko, ga Manzon Allah (SAW) yake danganta kansa.

Ana cikin haka yaƙi ya ɓarke a Aljeriya a 1954, Faransa ta ga ba za ta iya kashe wuta biyu lokaci guda ba. Muhammadu na Biyar ya komo gida ranar 16 ga Nuwamba, 1955, aka amince da 'yancin Maroko ranar 2 ga Maris, 1956. Mulkinsa bai yi tsawo ba bayan haka, domin ya rasu a Fabrairun 1961 bayan an yi masa tiyata, ɗansa Hassan na Biyu ya gaje shi.