Amsa ga mai tambaya kan jinin kan nono bayan gudu

Ɗan'uwa, ka ce in ka yi gudu mai nisa sai ka ga jini a gaban rigarka, kan nono yana raɗaɗi. Kwantar da hankalinka, gugar riga ce. Rigar auduga tana shan gumi ta yi nauyi, gishirin gumin ya bushe a jikinta, kowane taku kuma tana gogar wannan fata mai laushi har ta tsage. Ranar sanyi ko ruwan sama abin ya fi tsanani.

A ganina filasta ta fi komai. Ka tsane wurin sarai, ka rage gashin da ke kewaye don ta kama, sannan ka manna kafin ka fita. Vaseline ma yana taimakawa, sai dai gumi kan wanke shi in tafiya ta yi tsawo. Ka koma rigar wasanni ta poliyesta wadda ta kama jiki, ba mai lilo ba.

Wanda ya riga ya fashe kuwa, wanke shi da ruwa mai tsabta, ka rufe shi har ya warke. In ka ga mugunya, ƙullutu, ko jini yana fita ba tare da ka yi gudu ba, je ka ga likita.