Muryar Anti a guruf ɗin gida: batun kwana a Addis da yara

Salamu alaikum, 'yan uwa barkanku da dare. Ƙanwata yanzu na saurari saƙonki, wai za ku Umara da yara ta Addis Ababa babban birnin Habasha, jirgin Jidda sai washegari, ku zauna a iyafot ko ku fita ku ga gari. To ni dai na ji abin da kike tambaya, ba zancen ganin gari ba ne, tsoro kike ji kada yaran nan su haukata ki a ƙasar mutane. Ki kwantar da hankalinki, ki karɓi otal ki kwanta, shi ke nan.

Kamfanin jirgin Ethiopian suna ba da ɗaki da abinci da motar kai ku da ɗauko ku in jiran ya kai awa 8 zuwa 24, amma fa in tikitin guda ne tun daga Kano har Jidda. Ki sa ejan ɗinku ya tabbatar miki a rubuce, a rubuce na ce, kada ki yarda da "ba matsala Hajiya". Wallahi wannan ba matsalar ita ta kashe mu. Wani ejan haka ya rantse mana za a ba mu akwatunanmu a Addis, muna sauka Bole, iyafot ɗin Addis, aka ce kaya sun wuce sai Jidda, famfas yana ciki, madara tana ciki, rigunan sanyi suna ciki, ga auta ya ɓata wando tun a jirgi, ga maigidan yana ta kiran mutumin nan waya a kashe. Da muka dawo ko haƙuri bai bayar ba, wai ai kowa ya san haka ake yi. Kowa wa? To me ya sa ka rantse? Har yau in na gan shi a wajen biki gaisuwa kawai, kuma kun san shi, ba sai na faɗa ba.

To ina nake... yauwa, jakar hannu. Duk abin da yaro zai nema a dare ɗaya ya kasance a hannunki, famfas ki ninka abin da kike zato, kaya kala biyu biyu, maganin zazzaɓi, cerelac ko garin kunu, ɗan biskit. Da suwaita da safa, don garin a kan tsauni yake, sama da mita 2,300, dare akwai sanyi sosai, in kuma tsakanin Yuni da Satumba ne ga ruwan sama. Yaron da ya saba da zafin Kano zai ji a jikinsa, ke kanki in kika hau bene da goyo za ki ji numfashi na yi miki wuya. Abincinsu injera, kamar sinasir ne mai faɗi amma da tsami, yara ba sa ci, ki nema musu shinkafa ko taliya ko burodi da ƙwai. Nama kuma ki tambaya, don a can mahautan Musulmi daban na Kirista daban.

Sai agogo, nan ki buɗe kunne. Sun riga mu da awa biyu, lokacinsu ɗaya da Saudiyya, wannan mai sauƙi ne. Amma suna da nasu lissafin na gida da yake farawa daga wayewar gari, 7 na safe ita ce ƙarfe 1 a wajensu. Wato in ma'aikaci ya ce mota za ta zo ƙarfe 11, yana iya nufin 5 na asuba. A otal yawanci da agogon kowa suke yi wa baƙi magana, duk da haka ki nuna masa wayarki ya nuna miki da yatsa.

Wanda ya ce ku je ziyarar masallacin Najjashi, Yaya kai ne ko? Don Allah ka bari, yana can Tigray arewacin ƙasar, ba wajen da za a je a dawo a dare ɗaya ba ne. Ko kasuwar Merkato da masallacin Anwar da suke cikin gari ban ba ki shawara ba, da yara uku a wannan cunkoson, a'a.

Af, na ce ku kwanta kawai, to ba kawai ba. Tunda Jidda za ku sauka ku wuce Makka, jirgi zai wuce miƙati kuna sama, maigidanki ya yi wanka ya ɗaura harami tun a otal, sai niyya a jirgi. Kenan haramin ma jakar hannu, da silifas ɗinsa. In Madina za ku fara to babu wannan. Fasfo da katin rigakafin shawara kuma kada ki ba shi ya riƙe, na san halinsa. Bari in tsaya, caji ya kusa ƙarewa, ki turo min hoton tikitin in duba awowin da kaina.