Sallar wanda aka fito masa da hanji bayan aikin taifot

Tambaya: Allah ya gafarta Malam. Maigidana ya yi mako uku yana fama da zazzaɓin taifot har hanjinsa ya huje, aka yi masa aiki cikin gaggawa. Allah ya tashi kafaɗunsa, amma likita ya fito da bakin hanjin ta gefen cikinsa, an manna masa leda da bayan gida ke zuba a ciki dare da rana. Tun da aka sallame mu ya daina salla, wai ba ya tsayawa gaban Allah da ƙazanta a jikinsa. Mene ne hukuncinsa?

Amsa: Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Baiwar Allah, Allah ya ƙara masa lafiya. Ki gaya masa ya koma salla yau ɗin nan, domin ba ta faɗi a kansa ba muddin yana cikin hankalinsa.

Na fahimci kunyar da yake ji, amma ya ɗora ta inda shari'a ta yi sauƙi. Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa Sayyidina Umar ya yi salla bayan an soke shi, jini na kwarara daga rauninsa. A Bukhari kuma, Imrana ɗan Husaini ya kai kukan basir, Annabi (SAW) ya ce masa ya yi salla a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kishingiɗe.

Malamanmu na Malikiyya sun daɗe da tattauna wannan mas'ala. Shehu Khalil a Mukhtasar ya ambaci ƙofar da ta buɗe a ƙasan tumbi, ya ce abin da ya fita ta nan yana warware alwala idan mafitan biyu na asali sun toshe, in ba haka ba akwai zance biyu. To ko mun ɗauki zance mai tsanani, mijinki ba shi da ikon riƙe abin da ke fita, saboda ƙaramin hanji ba shi da mariƙi. Hukuncinsa ke nan na mai yoyon fitsari: abin da ya lazimci mutum rabin lokaci ko fiye ba ya warware alwala, sai dai an so ya sabunta ta in babu wahala. Najasar da ke cikin ledar ma an yi masa afuwa a kanta, tunda kauce mata ya gagara. Ya zubar da abin da ya taru kafin ya kabbara, ya goge wanda ya taɓa fata ko tufa gwargwadon iko. Kada ya riƙa ɓamɓare ledar a kowace salla, fatar wurin za ta saɓule. In wanka ya wajaba, ya shafa a kan bandeji, in ruwa zai cutar da ɗinkin ya yi taimama. Limanci dai ya bar wa wani har ya warke.

Sallolin da ya bari yana cikin hayyacinsa zai rama su a jere, daidai ƙarfinsa.

Ba ki tambayi azumi ba, amma zan faɗa: mai irin wannan leda yana asarar ruwa da gishirin jiki sosai. Idan Ramadan ya riske shi kafin a mayar da hanjin, likita kuma ya hana, ya sha ya rama daga baya kamar yadda aya ta 185 ta Suratul Baƙara ta yi izini. Wallahu a'alam.