Shin Motsa Ƙwaƙwalwa Kafin Tiyatar Zuciya Yana Hana Mantuwa?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Za a yi wa mahaifina mai shekara 68 tiyatar zuciya saboda toshewar jijiyoyi, kuma na ji cewa wasu tsofaffi kan tashi daga wannan aiki da mantuwa. Shin wasannin motsa ƙwaƙwalwa na waya za su iya kare shi? Daga wata mai karatu.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Abin da kika ji gaskiya ne, sai dai matsaloli biyu ne mutane kan haɗa wuri guda. Akwai ruɗewar kwanakin farko, inda majinyaci zai kasa gane inda yake ko ya riƙa sambatu da dare, sannan akwai raunin tunani da kan ɗauki makonni ko watanni. Wani binciken Jami'ar Duke ta Amurka da aka wallafa a 2001 ya bibiyi majinyata 261, ya gano wannan rauni a kashi 53 cikin ɗari lokacin sallama, ya ragu zuwa kashi 24 bayan wata shida. Ana danganta hakan da ƙananan gudajin jini ko kumfar iska da kan kai ƙwaƙwalwa, da saukar ƙarfin bugun jini yayin aiki, da kumburin da jiki kan yi, musamman ga mai yawan shekaru ko ciwon sukari.

Game da wasannin motsa ƙwaƙwalwa kuwa, wani gwaji na ƙasar Sin da aka wallafa a 2024 ya ɗora masu jiran tiyata kan atisayen awa goma gaba ɗaya, na tuna abu da mayar da hankali da saurin tunani, sai ruɗewa ta kama kusan kashi 28 cikinsu, alhali ta kama kashi 43 na waɗanda ba su yi ba. Amma wani ƙaramin gwaji a Boston bai ga bambanci ba. A ganina hujjar ta fi ƙarfi kan ruɗewar farko fiye da mantuwa mai daɗewa, don haka Baba ya yi atisayen kaɗan-kaɗan kullum tunda ba shi da illa, amma kada a jinkirta tiyata dominsa.

Ki kuma sanar da likitan da zai sa shi barci duk magungunan da yake sha, musamman na barci. Bayan aikin a mayar masa da tabarau da na'urar jinsa da wuri idan yana amfani da su, wani na gida ya zauna kusa da shi yana tuna masa rana da inda yake, kuma da zarar kun ga yana magana ba kan gado ku gaya wa ma'aikatan jinya nan take.