Ga ɗan'uwan da aka kama masa sunan shafi bayan ya bincika

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Tun da safe na karanta tambayarka, inda ka ce ka bincika wani sunan shafin intanet a wurin wani kamfanin rajista ya nuna maka babu mai shi, da ka dawo bayan kwana biyu da kuɗinka sai ka tarar an kama shi an liƙa masa farashi mai tsada, kana tambaya ko kamfanin ne ya ci amanarka, kuma wa za ka yarda da shi nan gaba. Wallahi ina karantawa sai na ji kamar labarina kake bayarwa, domin irin wannan abin ya taɓa sa na yi kwanaki ba na iya ɗaga ido na kalli matar da nake ganin girmanta kamar mahaifiyata.

A watan azumin 2022 ne wata Hajiya, aminiyar mahaifiyata mai sana'ar turaren wuta da humra a nan Kano, ta ce na buɗe mata shafi kafin cinikin salla ya kankama. Daren Alhamis na bincika sunan da take so mai ƙarewa da .com, aka nuna mini babu mai shi, kuma don na tabbatar sai na sake gwadawa a wurin kamfanoni har huɗu. Lokacin ne bankuna da dama suka rage abin da katin naira zai iya kashewa a waje zuwa dala 20 a wata, ni kuma na riga na cinye nawa kason, saboda haka na ba wani abokina mai katin dala kuɗin, ya ce zai saya mini cikin mako. A daren na kira Hajiya na ce mata sunan ya samu. Ita kuma ba ta yi wata-wata ba, washegari ta aika aka buga mata takardun liƙawa na kwalabe da katunan kasuwanci da ledoji, duk ɗauke da adireshin.

Ranar Talata abokina ya kira ni ya ce sunan ya ƙi sayuwa. Na buɗe adireshin hannuna na rawa, sai ga wani fanko na shafi an rubuta cewa sunan na sayarwa ne a kan dala 2,400. Na duba bayanan rajistar na ga ranar Lahadi aka kama shi, an kuma ɓoye sunan mai shi. Ban iya cin abincin buɗa-baki ba a ranar. Bayan asham na tafi gidanta, na tarar da ita a tsakar gida tare da 'ya'yanta mata suna liƙa takardun nan a jikin kwalabe, sun riga sun cika kwali biyu. Na durƙusa na gaishe ta, na rasa ta inda zan fara, har ta tambaye ni ko lafiya. Da na gaya mata sai ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce ba komai, Allah ya sa hakan ne mafi alheri. Da faɗa ta yi mini da ya fi mini sauƙi. Ina zaune ta ce wa yaran su fara ɓare takardun, kuma har yau idan na tuna ƙarar ɓare takardun nan daga jikin kwalba sai na ji ƙirjina ya yi nauyi. Ni na biya kuɗin sake bugawa daga abin da na tara na kayan sallar iyalina, duk da ta yi ta cewa na bari. Na rubuta wa kamfanin da na fara bincike a wurinsa wasiƙa har sau uku, duk amsa iri ɗaya suka maido mini, cewa wanda ya riga biya shi ke da suna, ko sau ɗaya babu wanda ya amsa ainihin abin da na tambaya.

Zarginka ba shaci-faɗi ba ne, domin an taɓa yin haka a fili. A watan Janairun 2008 aka gano cewa kamfanin Network Solutions na Amurka yana kama sunan da mutum ya bincika a shafinsa ya riƙe na kwana huɗu, ta yadda a cikin kwanakin ba za ka iya saye a wani wuri ba sai a wurinsu, su kuma suka ce wai suna kare abokan cinikinsu ne daga masu wawura. Abin da ya ba su dama shi ne wa'adin kwana biyar da ake da shi na mayar da suna a karɓi kuɗi cif. A 2009 hukumar ICANN, mai kula da tsarin sunayen intanet a duniya, ta taƙaita wannan, ta ce kamfani ba zai karɓi kuɗin abin da ya wuce kashi 10 cikin ɗari na sababbin sunayen da ya yi wa rajista a wata ba, ko sunaye 50, duk wanda ya fi yawa. Tun daga nan wannan ɗabi'a ta ragu ƙwarai, tunda yanzu mai kamawa sai ya yi asarar kuɗinsa.

Amma akwai wata hanyar da akwatin bincike yake yaudarar mutum ba tare da kowa ya saci komai ba. Wasu shafukan ba sa tambayar ainihin masu riƙe da kundin sunayen, kamar Verisign da ke riƙe da .com, sai su duba ko sunan yana buɗuwa ko su nuna maka tsohuwar amsar da suka ajiye, alhali kuwa suna yana iya zama da mai shi amma an dakatar da shi, ko wa'adinsa ya ƙare yana cikin kwana 30 da ake ba mai shi ya fanshe shi, ko yana cikin kwana biyar na ƙarshe kafin a sake shi. Irin waɗannan sunaye akwai masu injinan da ke dakon su dare da rana, suna faɗowa za su cafke. Saboda haka kafin ka yanke hukunci, ka shiga shafin bincike na ICANN, lookup.icann.org, ka duba ranar da aka ƙirƙiri rajistar da kuma kamfanin da ya yi ta. Idan ranar ta girmi bincikenka, to akwatin ne ya yi maka ƙarya tun farko. Idan kuwa bayan bincikenka ne, kuma a wurin kamfanin da ka bincika, to ni dai ba zan sake taka ƙafata wurinsu ba.

Kuskurena shi ne na ɗauki binciken kamar na hukumar CAC, wadda idan ta amince da sunan kasuwancinka take ajiye maka shi kwana 60. A nan babu ajiya ko ta minti ɗaya, ko da ka jefa sunan a kwandon sayayya, cinikin biri a sama ne har sai kuɗi sun fita kuma saƙon tabbaci ya shigo. Yanzu ba na bincika suna sai katina yana hannuna da kuɗi a ciki, kuma ba na gaya wa mai aiki cewa ya samu sai na ga sunan a cikin asusunsa. Don Allah kada ka bari a buga ko da kati ɗaya kafin nan.

Wani abin da ya fi ci mini rai ma shi ne na dillalai. Akwai wata makarantar Islamiyya da na taimaka wa, wani matashi ne ya saya musu suna tun shekarun baya amma ya yi rajistar da imel ɗinsa da sunansa. Da suka samu saɓani a kan kuɗin aiki sai ya daina ɗaga waya, ya ƙi ba da lambar sirrin da ake mayar da suna da ita zuwa wani kamfani. Shugaban makarantar, dattijo mai furfura, ya je har gidansu yaron sau biyu yana roƙo a kan abin da makarantar ta biya da kuɗinta, yaron ko fitowa bai yi ba. Muna ji muna gani wa'adin sunan ya ƙare, takardun sakamakon ɗalibai kuwa duk da wannan adireshin aka buga su. Shi ya sa nake cewa ko ɗan'uwanka na jini ne zai saya maka, ka buɗe asusun da imel ɗinka da lambar wayarka, shi ya biya kawai. Kuma ka tuna sabon suna na .com yakan yi kwana 60 kafin a iya ɗauke shi zuwa wani kamfanin, don haka ka zaɓi wurin da kyau, ka duba cewa yana cikin jerin waɗanda ICANN ta amince da su, ka kuma duba kuɗin sabuntawa na shekara ta biyu, domin a nan ne arahar shekarar farko take komawa tsada.

Game da sunan da aka kama maka, kada ka yi gaggawar rubuta wa mai shi, domin da zarar ya ga kana so zai ƙara kuɗi. Shigar da ƙara a WIPO, hukumar duniya mai kula da haƙƙin mallakar fasaha, yana farawa ne daga dala 1,500, kuma sai kana da haƙƙin tambarin kasuwanci a kan sunan ka kuma nuna cewa da mugun nufi aka kama shi. Idan abokan cinikinka a Najeriya suke, ka duba .ng ko .com.ng a wurin kamfanonin da NiRA, ƙungiyar da ke kula da sunayen .ng, ta amince da su, da naira za ka biya, ba sai ka jira mai katin dala kamar yadda na jira ba. Da irin wannan suna na Najeriya Hajiya take amfani har yanzu, kuma cinikinta bai ragu ba. Ka rubuta ranar ƙarewar wa'adin wancan sunan ka ajiye, domin wasu masu kamawa sukan sake shi bayan shekara idan ba su samu mai saye ba.

Ina roƙonka kada ka rubuta sabon sunan da kake tunani a wannan zaure, ko a wani wuri, sai ka biya. Amma ka turo mana ranar da aka yi rajistar wancan da sunan kamfanin da ya yi ta, in sha Allahu zan zauna na duba tare da kai yau da daddare.